"Shiga sharo ba shanu": wa ya cancanci a jefa wa wannan maganar?

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ku zo ku raba ni da Yayana. Ranar Juma'a limaminmu ya yi huɗuba a kan fitina da yadda take tsallake iyaka, ya kawo zancen Libiya, ya ce abin da Amurka da Faransa da Ingila suka yi a 2011 shiga sharo ba shanu ne. Da muka dawo gida muna cin abinci na ce wallahi Malam ya zuba magana. Sai Yaya ya tsame hannu daga kwano ya ce karin maganar ba ta zauna ba, wai waɗannan mutanen ba su taɓa shiga fili ba sai sun ƙirga garke. Muka yi ta ja har Umma ta kore mu daga tsakar gida. Ni dai tun tasowata na san ana faɗar ta ne ga wanda ya tsoma baki a abin da babu ruwansa. Ina ruwan Faris da rigimar Bengazi? Masana, a warware mana.

Malam Ƙarami:
Wa alaikumus salam. Yayanka ya fi ka gaskiya, amma kai ma ba ka faɗi ƙasa warwas ba. Mutane ne suka mayar da ita ta shisshigi kawai, alhali nauyinta a kan asarar yake. Mutum ya tsaya an zane shi, ya daure, an rangaɗa masa guɗa, aka ce to ina shanun aure, ya ce babu. Ya sha bulala a banza ke nan. Su kuwa waɗannan, a banza suke shiga? Dubi Iran. A 1951 Firayim Minista Mosaddek ya karɓe man ƙasar daga hannun kamfanin Ingila, a 1953 aka kifar da shi, kuma a 2013 hukumar leƙen asirin Amurka da kanta ta amsa cewa da hannunta a ciki. Da ni ne a kan mumbari, da "in ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi" zan kawo. Amma ba na gyara wa liman huɗuba a bayan idonsa.

Bafillatanin Birni:
Oh ni jikan Arɗo. Haɓe sun ari maganarmu, yau kuma su ne masu yi mana tafsirinta. Malam, Allah gafarta maka, ka taɓa tsayawa a filin ko a waya ka gani? Ku duka kun bar babban abu. A sharo wanda ya zane ka, dole wata rana ya tuɓe riga ya ɗaga hannu ya tsaya maka ka rama. In babu ramuwa ba sharo ba ne, duka ne kawai. Wanda ya taso a jirgi daga tsallaken teku ya saki bam ya koma ya ci abincin darensa, wane sharon ya shiga? Daga Maris har Oktoba NATO na ruwan wuta daga sama, ban ji ranar da ta tuɓe riga ba.

Tsohon Soja:
Ɗan Fulani, a nan kam ka zarme. Sun sha ramuwa, mai zafi ma. A Biyetnam Amurka ta binne sojojinta fiye da 58,000. A Mogadishu, Oktoban 1993, an kashe mata 18 a faɗa guda, bayan 'yan watanni ta tattara komatsanta. Afganistan shekara 20, a Agustan 2021 ta fita, waɗanda ta kora a 2001 suka dawo suka zauna a kujerar. In wannan ba shan bulala babu amarya ba ne, ban san sunansa ba.

Kuma masu cewa komai man fetur ne, su yi mana bayanin Libiya. Tun 2003 Gaddafi ya ajiye shirinsa na makaman ƙare-dangi ya shirya da Turawa. Eni na Italiya da Total na Faransa suna can suna haƙar mai yana kan mulki. Wa zai ƙone kasuwar da yake ciniki a cikinta? Dakarunsa sun doshi Bengazi, ya fito ya ce gida-gida za a bi. Ƙungiyar ƙasashen Larabawa ce ta nemi a hana jirage tashi. Da aka kawo ƙuduri mai lamba 1973 gaban Kwamitin Sulhu, ƙasashe 10 suka amince, 5 suka ƙaurace, ciki har da Rasha da Sin da Jamus. A cikin masu amincewar akwai Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon. Da hannunmu aka buɗe filin, kada mu manta.

Malam Ƙarami:
Ranka ya daɗe, an ce a kare farar hula, ba a ce a bi Gaddafi har garinsu Sirte ba. Kwamitin majalisar dokokin Ingila ma a rahotonsa na 2016 ya ce an zuzuta barazanar, kuma aikin ya rikiɗe ya koma sauya gwamnati. Sannan a watan Maris ɗin 2011 ne sojojin Saudiyya suka shiga Bahrain aka murƙushe masu zanga-zanga. Me ya sa ba a ji jirage ba? Saboda can ne mazaunin rundunar ruwan Amurka ta biyar. Saniya ba lallai sai rijiyar mai ba. Wani lokaci sansani ce, wani lokaci tsoron kada kishiya ta riga ka, wani lokaci kuma zaɓe ne ya matso a gida ana neman abin nunawa. Rasha da ta shiga Siriya a 2015 ai ba don tausayi ba ne kawai, a lokacin tana da tashar jiragen ruwa a Tartus.

Ɗan Agadas:
Ku yi ta lissafin shanun, mu bulalar muka ƙirga. An kashe Gaddafi ranar 20 ga Oktoba, rumbunan makamai suka tashi babu mai gadi. Watanni uku ba su cika ba tawaye ya ɓarke a arewacin Mali, kafin a ankara Kidal da Gao da Tumbutu sun tafi. Samarinmu da ke aiki a Sabha da Turabulus suka dawo hannu rabbana. Daga nan aka ce za a taimake mu: Faransa ta kawo rundunar Serval a 2013, ta koma Barkhane, Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a bayan garinmu da kuɗi sama da dala miliyan 100. Faransawa sun fita ƙarshen 2023, Amurkawa 2024, kafin su gama ɗaure kaya 'yan Rasha sun sauka Yamai. Yuraniyom kuwa yana nan Arlit, kowa ya san hanyar. Obama da bakinsa ya ce rashin shirya wa abin da zai biyo baya a Libiya shi ne babban kuskuren mulkinsa. To ya faɗa, sai me? Mu a wajenmu maganar da ta dace ita ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Uwar Biyu:
Ku yi mini afuwa, maza, zan shigo da tsohuwa. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta san inda Libiya take ba, amma wannan maganar ba ta fi mako ba ta faɗe ta ba, kuma kullum da Kakanmu take.

A ƙauyensu akwai wasu 'yan'uwa biyu, uba ɗaya uwa daban, da uban ya mutu ya bar musu fadama. Fadama ta gaske, rake da albasa, rani da damina ba ta hutawa. Rabo ya gagara. Kullum da safe faɗa, yau an matsar da iyaka, gobe an tare ruwa. Akwai kuma wani Alhaji mai sayen gyaɗa, shi kaɗai ke da keke a garin a lokacin. Ko a ina yake, da ya ji an tashi a fadama sai ka ga ya sheƙo, babbar riga na kaɗawa, yana "haba 'ya'yana, haba 'ya'yana". Ya raba su, ya fito da goro, ya kai ƙaramin gida. Inna ta ce sau ɗaya kam Allah ne ya kawo shi, don babban ya riga ya ɗaga gatari, da Alhaji bai riƙe hannunsa ba da an yi gawa. Wannan ba ta taɓa hana shi ba, ko da take zaginsa sai ta faɗa.

To sai magana ta kai gaban alƙali. Ƙaramin ba shi da kuɗin zirga-zirga, Alhaji ya ba shi. Ashe babban ma da dare yake zuwa zauren Alhaji, shi ma ana ba shi. Kowanne yana ganin shi ne ɗan gaban goshi. Shari'a ta ja damina biyu. Ranar da alƙali ya raba, kowa ya karɓi rabinsa, sai Alhaji ya fito da takardu: wannan ya jinginar da nasa, wancan ma ya jinginar. Ba wanda ya iya fansa. Inna ta ce da idonta ta ga su biyun suna yi wa Alhaji ƙodago a fadamar ubansu, kunya ɗaya, yanzu kam babu faɗa.

Abin da ya fi ƙona mata rai, a bayan gidan Alhajin akwai wasu kishiyoyi biyu da mijinsu ba shi da ko akuya. Sun yi shekaru suna dambe, har ɗaya ta ƙona ɗaya da kunu. Alhaji yana wucewa ta ƙofar gidan a kan keke, ko ƙararrawa bai taɓa kaɗawa ba.

Shi kuwa Kakanmu, bawan Allah, tun farkon rigimar ya je rabo da zuciya ɗaya, babu goro babu takarda. Ƙotar fartanya ta same shi a goshi, tabon na nan har ya koma ga Allah. Kuma dukansu biyu suka daina gaishe shi, kowanne na cewa ya goyi bayan ɗaya. Shi ne duk sanda ya ɗauki hula zai fita don ya ji hayaniya, sai Inna ta ce, "Malam, za a je shiga sharo ba shanu ke nan? Ka bari masu keke su je."

Tsohon Soja:
Hajiya, Allah ya jiƙan Inna. Kishiyoyin nan sun tuna mini Ruwanda. Saddam ya shiga Kuwait a Agustan 1990, cikin watanni aka tara sojoji dubban ɗaruruwa aka fitar da shi. A 1994 kuwa aka yanka mutum wajen 800,000 a kwana 100, Majalisar Ɗinkin Duniya ma rage dakarunta ta yi. Amma fa ku lura, a can laifin da ake ba su shi ne ba su shiga ba. In sun shiga mu ce shisshigi, in sun ƙi mu ce rashin imani.

Sarkin Zolaya:
Ni dai na gane Kakan. ECOMOG ne, dakarun kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma. Mun je Laberiya 1990, mun je Saliyo mun mayar da zaɓaɓɓen shugaba kujerarsa a 1998, alhali a gida soja ne a kanmu. Muka dawo da tabo a goshi, ko rake ɗaya ba a ba mu ba.

Tsohon Soja:
Yaro, kama bakinka a kan wannan. Akwai waɗanda muka tafi tare ba su dawo ba.

Sarkin Zolaya:
Tuba nake, Baba, Allah ya jiƙansu. Bari in koma kan waɗanda ba a jin haushi in an taɓa su. Hajiya, don Allah Alhajin nan bai bar jikoki ba? Don akwai wani a jiharmu, duk inda aka yi rigimar jam'iyya sai ka gan shi ya zo sulhu, "haba 'ya'yana", in an watse sai ka ji shi ne ɗan takara. Keken ne dai ya koma baƙar jif mai jiniya.

Ɗan Agadas:
Wannan ai kowace ƙasa da nata. Namu har da rawani.

Bafillatanin Birni:
Namu kuma sai shekarar zaɓe yake tuna yana da dangi a ruga. Ya zo da taliya da atamfa yadi shida, ya sha fura a gaban kyamara yana yatsina fuska. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, an ji, amma shi da ya ci tuwon da tukunyar yake tafiya.

Mai Unguwa:
Jama'a a yi hattara, kar a kama suna. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, ya isa haka. A koma kan tambayar Ɗan Kurmi.

Malam Ƙarami:
Ai labarin Hajiya ya ba Yayansa gaskiya. Inna ba ta taɓa faɗa wa Alhaji maganar ba, Kaka take faɗa wa. Mai shanu ba a ce masa haka.

Uwar Biyu:
A'a Malam, kar ka ja Inna ɓangarenka. Ta faɗa wa Alhajin ma daga baya, lokacin da ya je rabon faɗan 'yan sarki yana zaton irin na fadama ne, aka kwana da shi a ɗaure. Ta ce wanda ya saba shiga, wata rana zai shiga inda shanunsa ba su kai ba.

Tsohon Soja:
To kun ji Afganistan.

Ɗan Kurmi:
Yanzu ni me zan ce wa Yaya? Na shigo da magana ɗaya, kun ba ni huɗu, ga keke.

Bafillatanin Birni:
Ka ce masa ku zo ruga bayan girbi ku duka biyun, da shi da kai, a tuɓe riguna. Liman ya riƙe muku madubi.

Sarkin Zolaya:
Hajiya, ni fa hankalina na kan fadamar. Yanzu a hannun wa take? Kar ki ce mini an yanka ta fuloti.

Uwar Biyu:
Gidan mai aka gina a rabi. Ɗaya rabin 'ya'yan Alhajin ne ke shari'a a kai, shekara ta nawa ke nan, kuma an ce wani ɗan majalisa ne ke biya wa ƙaramin kuɗin lauya.