Wa ya karanta The Yield a cikinku?

Nana_Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah akwai wanda ya taɓa karanta The Yield na Tara June Winch, marubuciyar nan ta Ostireliya? Aro aka ba ni, na ɗauka da niyyar in leƙa shafi biyu in aje, sai ga ni har kiran assalatu. Labarin wata August ne da ta koma gida daga Ingila saboda rasuwar kakanta, ashe tsohon ya daɗe yana rubuta ƙamus na yarensu Wiradjuri, ɗaya daga yarukan 'yan asalin Ostireliya, kowace kalma sai ya rataya mata abin da ya faru da shi ko da danginshi, ga kuma kamfanin haƙar kuza na shirin cinye masu ƙasa. To da gaske an raba mutanen nan da yarensu, ko ƙarin gishiri ne?

MalamRunjinSambo:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Babu gishiri ko kaɗan. Kafin zuwan Turawan Ingila a 1788 yarukan ƙasar sun haura 250. Daga wajen 1910 har zuwa shekarun 1970 hukuma kan ɗauke 'ya'yan 'yan asalin ƙasar daga hannun iyayensu ta kai su gidajen mishan ko gidajen Turawa, yaro in ya yi yaren uwarshi a hukunta shi. Sai a 2008 Firaminista Kevin Rudd ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Littafin ma ya ci kyautar adabi ta Ostireliya, Miles Franklin, a 2020.

Ɗan_Marina:
Malam su ƙwace masu aka yi, mu kuwa da hannunmu muka yar da namu wallahi. Ranar da na fara zuwa Kano na ce wa mai shago "mi kaka saidawa" shagon duk ya kwashe da dariya, tun daga nan na koma Kananci, yanzu ko a gida in na ce munka tahi sai ƙannena su riƙa kallona awa wani ɗan ƙauye.

Hajiya_GidanIgwai:
Ni zancen ƙasar ya fi taɓa ni. Ƙauyen kakana dam ya cinye shi tun ba a haife ni ba. Amma har ya rasu in ya zauna bisa tabarma sai ya riƙa zana gonakin da tsinke a ƙasa, nan fadamar wane, nan tsamiyar da ake ɗaurin aure ƙarƙashinta, kowace rijiya da sunanta. Muna yara mu dai dariya muke, yau ko suna guda ban riƙe ba.

Nana_Mabera:
Allah ya jiƙan shi Hajiya. Ni jiya na aje waya kusa da Inna tana tsince shinkafa, na ce ta faɗa mani sunayen kayan saƙa da na kaɗi na da, ta ce "ke ɗauke abin nan, ni ba rediyo ba ce". Sai da na ɓoye ta ƙarƙashin faifai, har ta manta ta shiga waƙar niƙa.

Ɗan_Marina:
Hhhh kar dai ta gano. In kin gama ni ne na biyu a layin aro, zan turo ƙanena ya amsa ran Juma'a.