Wai Daɗin Kowa ya koma shirin matan gida?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar. Ni Daɗin Kowa ya fita daga raina fit. Tun farkon fara nuna shi a Arewa24 nake bin sa, lokacin da in aka hasko Malam Nata'ala da almajiransa gidanmu kan yi tsit. A da shirin yana taɓo abin da ke damun talaka: almajiranci, shaye-shayen matasa, 'yan gudun hijira, zaman Musulmi da Kirista a unguwa ɗaya. Yanzu fa? Rigimar da Kamaye da Adama suke yi shekara da shekaru ita suke yi har gobe. Ka yi wata uku ba ka kalla ba, inda ka bar su nan za ka tarar da su. Mu masu kallo mun girma, yaran da ake goyo lokacin sun kusa gama firamare, amma mutanen garin suna nan jiya i yau. Gaskiya shirin ya koma na matan gida kawai.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Malam, tsaya tukuna. Me matan gida suka yi maka? Wato duk abin da ya lalace sai a jingina mana shi?

Anti Balki: Ki bar shi, 'yar uwa. Tuwon da ya ci kafin ya ɗauki waya ya rubuta wannan, matar gida ce ta tuƙa.

Abban Sadiq: Hajiya, ban zagi kowa ba. Maganata a kan labarin da ya ƙi gaba take.

Maman Ilham: Ka ce "kawai". Wannan kawai ɗin raini ce. Ni malamar makaranta ce, ina fita aiki, ina dawowa in yi girki, kuma ina kallonsa. A wane layi ka sa ni?

Ɗan Kurna: To ai matan gida ba zagi ba ne. Uwata matar gida ce, kuma ba ta da na biyu a wurina. Ku ne kuka ɗauke shi zagi.

Anti Balki: In yabo ne, me ya sa bai ce ya koma na 'yan majalisar bakin titi ba? Kullum da daddare mai shayin layinmu yana kunna shi, maza sun cika benci, wani kofinsa har ya huce a hannu bai kurɓa ba. Su ma matan gida ne?

Baba Na Maraɗi: 'Ya'yana, a nan Maraɗi har dattawa muna kallo. Abin da yaron nan bai gane ba, garin Daɗin Kowa kamar unguwa aka gina shi. Maƙwabcinka mai faɗa da matarsa ba ya dainawa don ka gaji da ji. Kuma shirin ya ci kyautar AMVCA, wato gasar fina-finan Afirka ta Africa Magic, a 2016.

Abban Sadiq: Baba, Allah ya ƙara girma, amma kyautar 2016 shaida ce a kan shirin 2016. Ni ma a lokacin ba na bari ya wuce ni. Kuma ina da iyali, ni ba yaro ba ne.

Baba Na Maraɗi: Ko jikoki gare ka, a wurina yaro ne kai.

Sarkin Kallo: Ku daina wahalar da kanku. Mutumin nan ɗan shirin Labarina ne, na sha ganin rubutunsa. Duk sun bi Labarina tun 2020, shi ya sa komai ya daina yi musu daɗi.

Ummi Zariya: To laifi ne? Ko ba komai Labarina yana tafiya, ana fara labari ana kai shi wani wuri.

Sarkin Kallo: Wane wuri? Shirin da aka wayi gari Sumayya ta sauya fuska? Nafisa Abdullahi ta bari a 2022, aka kawo Fati Washa, aka ce mu ci gaba da kiran ta Sumayya. Daga nan na ajiye shi.

Ummi Zariya: Washa ta yi ƙoƙari wallahi, son zuciya ne ya hana ku gani.

Sarkin Kallo: Ban ce ba ta iya ba, ƙanwata. Zuciya ce ta riga ta saba da fuska ɗaya.

Ɗan Kurna: Duk ku koma Kwana Casa'in ku ga yadda ake rubuta labari. Siyasar Alfawa, garin da ke cikin shirin, ta fi ƙarfin wannan surutun.

Maman Ilham: Kar a karkatar da zance. Har yanzu bai janye kalmarsa ba.

Abban Sadiq: Ba wanda ya amsa mini tambayata. Ku faɗa mini mutum ɗaya a garin nan da halinsa ya sauya har ka ji tausayinsa ya sake kama ka. Abin da ke riƙe mai kallo ke nan, ya ji tsoron abin da zai sami wanda yake so. In ka san mako mai zuwa ma haka za a yi, fargabar me za ka yi?

Anti Balki: Ka janye tukuna, sai mu amsa.

Shugabar Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun nuna Daɗin Kowa yana nan da farin jininsa har Nijar, kuma maza ma suna kallo, kamar yadda Anti Balki ta kawo hujjar teburin mai shayi. An kuma tabbatar cewa masu kushe shi magoya bayan wani shirin ne. Muna kira ga Abban Sadiq ya ba mata haƙuri. Ni kaina ban taɓa fashin kallonsa ba.

Abban Sadiq: Hajiya, wa ya tabbatar? Mutum ɗaya ne ya faɗa, kuma ko Labarina ɗin ban gama zangon farko ba.

Ummi Zariya: Ba ka gama zangon farko ba? To kai da Sarkin Kallo ku je ku kalla tukuna, sannan ku zo mu yi maganar Washa.