Neman shawara: a tayar min da naƙuda ko a sake min aiki?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a ɓoye sunana. Cikina sati 40 da kwana 4, ko ciwon baya ban fara ji ba. Haihuwata ta fari aiki aka yi min shekara 3 da suka wuce, saboda yarinyar a zaune ta zo. Jiya a wurin awo likita ya ce kan wannan ya juyo daidai, amma ba ya son mu wuce sati 41: ko a tayar min da naƙuda, ko a sa ranar aiki. Ya ce in shawarta da maigida in koma Litinin. Hajiyarsu ta ce in aka sake yanka ni haihuwata ta zama ƙidayayya, har ta aiko da jiƙo a gora wai yana kawo naƙuda. Yana nan kan firji, ban taɓa ba. Wallahi ko barci ba na iya yi.

Wata ungozomar asibiti: Ƙanwata, jiƙon nan kada ki sha, mahaifarki akwai ɗinki a jikinta. Mai aiki ɗaya tana iya haihuwa da kanta, kusan 3 cikin 4 na masu gwadawa suna yi, kuma dalilin aikinki na farko bai dawo ba. Amma naƙudar da ta zo da kanta daban, wadda aka tayar daban. Haɗarin ɗinkin ya buɗe kusan 1 cikin 200 ne, in aka sa magani kuma yana ninkuwa. Shi ya sa hukumar lafiya ta duniya ba ta yarda a sa wa mai tsohon aiki ƙwayar tayar da naƙuda mai suna misoprostol ba. An fi sa 'yar roba mai balan-balan a bakin mahaifa, in da buƙata a bi da ruwan naƙuda a hankali. Ki tambayi likitan: bakin mahaifar ya yi laushi? Da me za su tayar? In abu ya rikice ƙarfe biyun dare, akwai likitan tiyata da jini a ajiye? In babu, ni dai aikin zan zaɓa miki.

Wata daga Zariya: Ni an sa min ruwan, na kwana na wuni ina murƙususu, bakin mahaifa ya tsaya a santimita 4, ƙarshe aikin aka yi. A haihuwata ta biyu kuwa, ranar aiki aka sa, allurar baya aka min, idona biyu na ji kukansa. Sai dai tashin farko daga gado, ina riƙe da filo a ciki, ba ya mantuwa.

Wata uwa: 'Yata, maganar Hajiya akwai ƙamshin gaskiya, kowane aiki yana ƙara wa cikin gaba haɗari, musamman mabiyiya ta manne wa ɗinki. Ki faɗa wa likita kina son ƙarin haihuwa. Ki tafi da mijinki ya ji da kunnensa, shi zai fahimtar da mahaifiyarsa, ba ke ba. In motsin yaro ya ragu ko kin ga jini, kada ki jira Litinin. Allah ya raba lafiya.

Mai tambaya: Amin Mama, na gode muku. Na rubuta tambayoyin a bayan katin awo. Abban yara ya ce zai nemi izini a wurin aiki mu je tare.