Neman shawara: ciwon diddige da asuba, kuma hoto ya nuna ƙashi ya tsiro

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni mace ce mai shekara 47, ina sayar da atamfa a Taminus a nan Jos, kuma kusan yini nake a tsaye a kan siminti. Tun kafin azumi nake fama da ciwo a ƙasan diddigen ƙafata ta dama. Idan na sauko daga gado da asuba, takun farko ne ya fi azaba, sai na ɗan zagaya yake lafawa, sannan ya dawo da yamma ko bayan na daɗe a zaune. An yi mini hoton ƙashi, aka ce wani ɗan ƙashi ya tsiro a diddigen. Wasu sun ce in yi allura a wurin, wasu sun ce sai tiyata, a gida kuma ana ta cewa a kira wanzami ya yi ƙaho. A yanzu diclofenac nake sha kullum. Don Allah ina neman shawarar masu sani.

Likitar gashin ƙashi:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Ba a yanke hukunci a kan ƙafar da ba a taɓa ba, amma abin da kika bayyana ya yi daidai da ciwon tantanin tafin ƙafa. Tantani ne mai kauri da ya tashi daga ƙashin diddige zuwa gindin yatsu, yana riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa kamar yadda tsirkiya take riƙe baka. Doguwar tsayuwa, ƙarin nauyin jiki da takalmi marar tudu suna gajiyar da shi a daidai inda ya kama ƙashi. Cikin dare yana takurewa, shi ya sa takun farko yake fizgar sa.

Ki kwantar da hankalinki game da hoton. Mutane da yawa suna da wannan tsiron ƙashi ba tare da sun taɓa jin ciwo ba, wasu kuma suna da ciwon alhali hotonsu fes yake, saboda haka ba kasafai ake cire shi ba. Binciken hannu ya fi hoton faɗin gaskiya. Wanda zai duba ki zai danna ƙasan diddige ta ɓangaren ciki, zai ɗaga babban yatsa sama ya ga ko zafin zai motsa, sannan ya auna yadda idon sawu yake lanƙwasuwa, domin taurin sha-raɓa da agara yana daga cikin abubuwan da suke hana ciwon warkewa. Zai matse diddigen ta gefe biyu, tunda zafi a nan yana iya nuna tsagewar ƙashi, kuma zai ƙwanƙwasa bayan ƙashin idon sawu ta ciki don ya ji ko wata jijiya ce ta matse. Ki tafi da takalmin da kika fi sawa, domin inda ya cinye yana nuna yadda kike taku. Akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo.

Kafin ki samu zuwa, kada ki taka ƙasa da asuba sai kin rataya tawul a tafin ƙafar kin jawo shi wajenki, gwiwa a miƙe, na daƙiƙa 30, sau uku. Ki daina tafiya ba takalmi a kan tayil ko da a ɗaki ne, ki daina sa silifas marar tudu, ki nemi takalmi mai laushin diddige da ɗan tudu. A shago ki ajiye kujera ki riƙa zama tsakanin ciniki. Kusan tara cikin goma na masu wannan ciwo suna samun sauƙi ba tare da tiyata ba, sai dai ana ɗaukar watanni, wani lokaci har shekara.

Wani direba:
Hajiya, ni allurar aka yi mini, kuma cikin 'yan kwanaki na manta da ciwon. Ina ganin bai kamata a tsorata mutane da ita ba, musamman mai sana'ar da idan bai fita ba babu cefane.

Likitar gashin ƙashi:
Malam, maganarka tana da hujja, allurar tana kawo sauƙi da wuri. Sai dai sauƙin yakan kasance na 'yan makonni, kuma yawan maimaita ta yana iya sirantar da kitsen da ke kare diddige ko ya sa tantanin ya tsinke. Shi ya sa ake ajiye ta sai an gwada motsa jiki da canjin takalmi an ga ba su wadatar ba.

Wata nas:
Yaya, ni diclofenac ɗin nan ne ya fi tayar mini da hankali. Shan sa kullum na tsawon watanni yana iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya kuma ɗaga hawan jini, don haka ki nuna wa likita shi. Ki kuma gwada suga kafin wani ya sa miki aska, domin mai ciwon suga yana iya yin rauni a ƙafa ya ƙi warkewa. Shin kina jin ƙafar tana mutuwa ko tana raɗaɗi da dare?

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ƙafar ba ta mutuwa, kuma ba ta hana ni barci, amma bara na yi targaɗe a wannan idon sawun, mai ɗori ya ja shi ya ɗaure. Ko yana da alaƙa?

Likitar gashin ƙashi:
Yana iya kasancewa, Hajiya, kuma lallai ki faɗi wannan tun farkon ganawa. Idon sawun da ya yi targaɗe aka ɗaure shi ba a motsa ba yakan yi tauri, sai tafin ƙafa ya ɗauki aikin da ba nasa ba. Ki gwada a gida: ki fuskanci bango, ki tura gwiwa ta taɓa shi ba tare da diddige ya ɗaga ba, sannan ki kwatanta nisan yatsunki da bangon a ƙafafu biyun. Idan ta daman ta gaza sosai, ko ba kya iya tsayawa a kanta ita kaɗai, to gashin zai haɗa da idon sawun, ba diddigen kawai ba.