Aiki daga gida: in karɓi kwamfutar biro ko in riƙe tawa?

Ƴar Yantala: Salamu alaikum ƴan uwa. A wurin aikinmu nan Yamai an ba mu kwana biyu a sati mu yi aiki daga gida. An ce kowa ya zaɓa, kwamfutar biro ko tasa. Ta biro nauyi gare ta, tawa ta fi sauri. Wacce za ku ba ni shawara?

Mai Gyara: Wa alaikumus salam Hajiya. Karɓi ta biro, nauyinta ba zai karya miki kafaɗa ba. Idan kika ce taki, masu kula da na'urori za su saka mata VPN, wato kariyayyar hanyar haɗuwa da biro ta intanet, da manhajar sa ido, kuma wasu manhajojin suna ba su ikon goge abin da ke ciki daga nesa ranar da aka sace ta ko kika bar aiki. Hotunan biki da na yara na iya bin ruwa.

Duba kuma Windows ɗinki. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa sai na'ura mai TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta. Tsofaffin da ake sayowa na hannu da yawa ba su da shi. Kuma BitLocker, mai kulle bayanan ciki, cikakkensa a Windows Pro yake, ba a Windows Home ba.

Malam na Tawa: Gaskiya ne, amma kada ki fita da ta biro sai da takarda. A rubuta lambar da ke ƙasanta, da caja, da halin da batir yake, da wanda zai biya idan wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone ta. Nan rigima take tashi, ba wajen sauri ba. A rubuta da kuɗin intanet: taron bidiyo na awa guda yana iya cin kusan jiga ɗaya. Idan da waya kike haɗa ta, shiga saitin Wi-Fi ki kunna maɓallin ƙayyade data, in ba haka ba Windows zai sabunta kansa ya shanye miki forfe kina barci.

Mai Gyara: Af, na manta allon rubutu. Na biro yawanci tsarin haruffansa AZERTY ne, waɗanda ake kawowa daga Najeriya ko Dubai kuwa QWERTY. A AZERTY sai kin danne Shift lambobi ke fitowa, A da Q ma sun yi musayar wuri. Mai tsalle tsakanin biyun yakan buga kalmar sirri ba daidai ba sau da yawa, asusu ya kulle da safiyar Litinin.

Lokacin zafin Afrilu kada ki ɗora ta kan katifa ko tabarma mai ƙura, ramukan iskar suna ƙasa. Tebur, ko faranti ma ya isa.

Ƴar Yantala: Na gode Malamai. To yara fa, in sun ce za su kalli bidiyo?

Malam na Tawa: Ki miƙa musu taki, Hajiya. Ta biro kuwa ko alwala za ki tashi, danna maɓallin Windows da L tare, ta kulle.