Razzie da Hausa: lambar zambo ko lambar gatse?

Jama'a, duk shekara idan lokacin bikin Oscar ya ƙarato, masu rubuta labaran fina-finai da Hausa sukan yi tuntuɓe da suna guda, wato Razzie, lambar da ake bayarwa a Amurka ga fina-finai da 'yan fim da suka fi kwafsawa a shekara. Wasu su rubuta "lambar yabo ta fim mafi muni", wasu su ce "kyautar rashin iyawa", wasu kuma su tsallake labarin gaba ɗaya. Ta farkon ita ta fi damuna, domin yabo da muni ba sa zama a jimla ɗaya ba tare da mai karatu ya rikice ba. Na tambaye ku a dandalin nan sunan da ya dace mu ba wannan lamba da Hausa, kun kawo shawarwari masu yawa, ga inda na tsaya da dalilaina.

Da farko mu san abin da muke nema wa suna. Cikakken sunansa Golden Raspberry Awards. John Wilson, wani mai aikin tallata fina-finai a Amurka, shi ya ƙirƙiro shi tare da Mo Murphy, kuma an yi na farko ranar 31 ga Maris 1981 a falon gidan Wilson, a gaban abokan da ya gayyata kallon Oscar. Abin da ya tunzura shi, ya biya santi 99 ya kalli fina-finai biyu a jere, ya fito yana jin an cuce shi. Yanzu al'adarsu ita ce su sanar da sakamako ana gobe Oscar. Masu jefa ƙuri'a mambobi ne da ke biyan kuɗin shiga. Kofin kansa siffar wani ɗan itace ne mai ƙuraje-ƙuraje da ake kira raspberry, bai fi ƙwan kaza girma ba, an ɗora shi kan faifan naɗe fim an fesa masa fenti ruwan zinare, kuma su da kansu suka ce darajarsa dala 4.97 ce.

To me ya kawo ɗan itace cikin maganar? A nan masu fassara kalma da kalma suke ɓata. A Turanci, idan aka ce mutum ya busa raspberry, ana nufin ya zaro harshe tsakanin leɓɓansa ya hura iska, sauti irin na tusa ya fito, don ya nuna wa wani raini. Asalin maganar daga salon zancen mutanen gabashin Landan ne, inda suke sakaya kalma da wata mai amo irin nata. Ke nan abin da ke cikin sunan shi ne harshe a waje da dariya, ɗan itacen sutura ce kawai. Mu kuwa muna da wannan tun muna yara: gwalo. Saboda haka idan ana son a bayyana wa mai karatu ma'anar sunan, ina ganin Gwalon Zinare ya wadatar. Sunan Razzie a bar shi yadda yake, kamar yadda muka bar Oscar da Grammy.

Babban aikin shi ne kalmar da za ta rufe irin waɗannan lambobin baki ɗaya, don ba Amurka kaɗai ke yi ba. Indiya, wadda muka fi kowa sanin fina-finanta, ta yi Golden Kela, kela kuwa ayaba ce a harshen Hindi, ta kuma yi Ghanta. Faransa ta yi nata mai suna Gérard. Dole mu samu suna na jinsi, yadda "lambar yabo" ta rufe Oscar da sauran 'yan'uwanta.

Malam, kai da ka kawo "lambar Allah wadai", ta yi nauyi. Allah wadai ta mai laifi ce, wanda ya ci amana ko ya zalunci jama'a. Wanda ya yi fim marar daɗi bai kai nan ba. "Lambar tsaki" ma na juya ta, na ga tsaki na ɓacin rai ne, mai yin sa ba ya dariya, bikin nan kuwa dariya ce jigonsa.

"Lambar kunya" ta samu magoya baya da yawa, amma tarihin bikin ya kayar da ita. A 2005 Halle Berry ta je da ƙafarta ta karɓi tata saboda fim ɗin Catwoman, tana riƙe da Oscar ɗin da ta ci a 2002 a hannu ɗaya, Razzie a ɗaya hannun, ta yi jawabi zaure yana ta shewa. A 2010 Sandra Bullock ta shigo tana jan ɗan amalanke cike da faifan fim ɗin da aka kushe, ta ce a raba wa mahalarta su je su kalla da kyau. Washegari da dare ta lashe Oscar saboda wani fim ɗin dabam. Kafin su, darakta Paul Verhoeven ya je ya karɓi tasa a 1996. Waɗannan mutane ba su sunkuyar da kai ba, kuma sunan da zai tilasta musu kunya ya yi wa labarin ƙarya.

Yaya, taki ce ta fi ba ni wahala, wato "lambar gatse". Hujjarki mai ƙarfi ce: a gatse ana faɗin abu ana nufin kishiyarsa, bikin nan kuma ya ari rigar karramawa, da ambulan da kofi da jawabin godiya, alhali kushe ake yi. Na yarda tsarin bikin gatse ne. Inda na rabu da ke, mai gatse ba ya fitowa fili, yana barin mai hankali ya gano. Su kuwa masu Razzie a bainar jama'a suke cewa wannan shi ne fim ɗin da ya fi lalacewa bana, ga sunan wanda ya yi shi. Dalilin da ya kore habaici ke nan ma, don shi habaici jifa ne a lulluɓe, wanda ya tsargu shi ya sani.

Abin da ya rage mini shi ne zambo. Duk wanda ya saurari makaɗan fada ya san yabo da zambo tare suke tafiya. Bakin da ya wasa sarki, shi ne a baiti na gaba zai juya kan abokin hamayyarsa ya zana shi yadda fada za ta ɗauki dariya, kowa kuma ya gane wa ake nufi. A gaban taro ake yi, da gwaninta ake yi, kuma daga cikin masu sana'ar yabon yake fitowa. Razzie ma haka take: 'yan harkar fim da masoyanta ne suka kafa ta, ta manne wa Oscar a kalanda, kuma ba domin akwai Oscar ba da ba ta da ma'ana. Ga sauƙin furuci: lambar yabo, lambar zambo. Wanda bai taɓa jin labarin bikin ba zai gane a karon farko.

Wani dattijo a cikinmu ya yi gyara mai muhimmanci, kuma ba zan wuce shi ba. Ya ce zambo jikin mutum yake taɓawa, tsawonsa da hancinsa da tafiyarsa, wani lokaci har da ƙage, alhali lambar fim aiki ya kamata ta duba. Baba, gaskiyarka. Sai dai wannan haɗarin yana cikin Razzie ɗin kanta. A 2022 sun ware rukuni guda sukutum don Bruce Willis kaɗai, suka jera fina-finansa takwas na shekarar 2021. 'Yan kwanaki bayan sun sanar da sakamako, iyalinsa suka bayyana cewa yana fama da larurar ƙwaƙwalwa mai hana mutum sarrafa magana, kuma ya bar sana'ar. Dole suka janye lambar. A 2023 suka sa yarinya 'yar shekara 12 cikin jerin 'yan takara, jama'a suka yi musu ca, suka ba da haƙuri, suka cire sunanta, suka kafa dokar cewa ba za su ƙara sa wanda bai kai shekara 18 ba. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, don yarinyar aiki aka ba ta ta yi iya ƙoƙarinta, manya ne suka rubuta labarin suka ba da umarni. Kalmar zambo tana ɗauke da wannan gargaɗin a cikinta, Bahaushe yana jin ta ya san abu ne mai ban dariya da kan iya zarcewa ya zama cin mutunci. Ba'a da gatse ba su ɗauko wannan ɓangaren ba.

Akwai wani tarko da ya fi sunan lambar saurin kama mu, wato sunayen rukunai. Don Allah a daina rubuta "jaruma mafi muni". A kunnen Bahaushe wannan maganar fuska ce, kuma zagi ne tsagwaronsa. Abin da ake nufi shi ne wadda ta fi kwafsawa a wasanta. Don haka a ce jarumar da ta fi kwafsawa, daraktan da ya fi kwafsawa, fim ɗin da ya fi lalacewa. A wajen aikatau kuma, "lashe" ta dace da wanda ya je ya karɓa da hannunsa, wanda kuwa bai je ba sai a ce an laƙaba masa. Misali: a 2012 an laƙaba wa wani fim na Adam Sandler lambobin zambo na duka rukunai goma na shekarar. Suna kuma da wata lamba da suka fara bayarwa a 2015 ga wanda ya sha zambo a baya sannan ya dawo ya yi aikin kirki, Ben Affleck ne ya fara samu. Ita wannan "lambar wanke suna" ta ishe ta.

Saura tambaya ɗaya gare ku 'yan'uwa na Damagaram da Maraɗi da Zangon Kumasi: gwalo a wajenku zaro harshe ne kamar yadda muke nufi a Kano, ko ya haɗa da duk wata yatsinar fuska? Idan akwai bambanci ku faɗa, a gyara Gwalon Zinare tun bai bazu ba.