Me za mu kira "apologetics" da Hausa?

Jama'a ina neman mu tsayar da magana ɗaya a kan wannan kalma ta Turanci, wato sunan fannin kawo hujja don tsaya wa addini, don yanzu bidiyon muhawara tsakanin masu kare Kiristanci da waɗanda ba su yarda akwai Allah ba ya cika YouTube da TikTok, matasa suna kallo suna yanko guntaye suna fassarawa, amma ita kalmar kowa da yadda yake juya ta. Har na ga an rubuta "ilimin neman afuwa". Wannan kam sam bai yi ba, an ruɗe ne da kalmar ban haƙuri ta Turanci, wato apology, saboda sun yi kama.

Asalinta daga Girkanci ne, apologia, wato jawabin da wanda ake tuhuma yake yi a gaban alƙalai don ya wanke kansa. Abin da Socrates ya yi ke nan a Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Almasihu, kuma ba haƙuri ya ba su ba, tsayawa ya yi a kan bakansa har suka yanke masa hukuncin kisa. Ita ce kalmar da ke cikin 1 Bitrus 3:15 inda aka ce wa masu bi su zauna a shirye su ba da amsa ga duk wanda ya tambaye su dalilin begensu. Daga nan Justin Martyr, ɗaya daga cikin marubutan Kirista na farko, ya rubuta wa sarkin Rum Antoninus Pius wajen shekara ta 155, Tertullian ma ya yi nasa a 197, duk suna wanke Kiristoci daga zarge-zargen da ake musu. To kun ga tun farko maganar tsayawa ce a ba da amsa da hujja.

An kawo shawarwari da yawa. Wani ɗan'uwa ya ce mu ce raddi kawai tunda kowa ya san ta. Matsalar raddi ita ce mayar da martani ne ga wani mutum ko wata magana takamaimai, shi kuwa wannan fanni ko ba wanda ya taɓa ka kana iya zama ka gina hujjar samuwar Ubangiji daga tushe, kamar yadda malamin Kirista Thomas Aquinas ya jero hanyoyinsa 5 a ƙarni na 13. Muƙabala da munazara kuma sunan zaman ne, dandali da alƙalin lokaci da mutum biyu a gaban makirufo, ba sunan ilimin da suka zo da shi ba. Wa'azi da bishara da da'awa kira ne, wani aikin daban.

Wani malami ya ce ilimin kalam, kuma gaskiya wannan ta fi sauran kusa, akwai ma wani abin sha'awa a nan. Hujjar da William Lane Craig, masanin falsafa Kirista ɗan Amurka, ya fi shahara da ita sunanta hujjar kalam, ya farfaɗo da ita a 1979 kuma shi da kansa yana jingina ta ga Imam Ghazali wanda ya rasu a 1111. Hujjar ita ce: duk abin da yake da farko to akwai abin da ya samar da shi, duniya tana da farko, saboda haka akwai wanda ya samar da ita. Sai dai kalam suna ne na wani fanni sananne a tarihin Musulunci mai mazhabobinsa da malamansa, in muka ɗora shi a kan aikin Kirista ɗan Amurka za mu rikita ɗalibi, shi ma Kiristan Bahaushe ba zai ji kalmar tasa ba ce.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne kare aƙida, in ana so a cika a ce ilimin kare aƙida da hujja, mai yi kuma mai kare aƙida. Larabawa Kiristoci ma daga difa'i suka samo tasu, ma'anar ɗaya ce. Na guji "kariyar aƙida" da gangan, saboda yawancin mutane a waya ba sa saka lanƙwasa, harafi ɗaya ya faɗi sai ta koma "karyar akida", kun ga an zagi mutum ba a yi niyya ba, kuma a irin wannan muhawara ƙaramin abu ne yake tayar da ƙura.

Babban dalilina shi ne kalmar tana yi wa ɓangarorin biyu adalci. Mai bi zai karɓe ta da farin ciki, abin da yake yi ke nan, yana tsare abin da ya gaskata. Shi ma mai sukar zai iya amfani da ita ba tare da ya canza komai ba, don ainihin sukarsa tana cikin kalmar karewa ɗin. Cewa yake mai kare aƙida kamar lauya ne, ya riga ya san ɓangaren da zai tsaya kafin a buɗe fayil, hujja daga baya ake nemo ta. Masu sukar suna yawan kafa misali da Craig ɗin, wanda ya bambanta tsakanin sanin gaskiyar Kiristanci da nuna ta, ya ce sanin ta hanyar shaidar Ruhu Mai Tsarki ne, hujjoji na nunawa ne ga wasu. Sai su ce to in hujjar ta rushe imaninka bai motsa ba, me ya sa kake so ni ta motsa ni? A kan hujjar kalam kuma su ce ko mun yarda akwai musabbabi na farko, da sauran tafiya mai nisa kafin a kai ga Triniti ko tashin Yesu daga matattu. Ga kuma tambayar wahala da mugunta a duniya wadda masanin falsafa J. L. Mackie ya tsara a 1955 don sukar samuwar Allah, masanin falsafa Kirista Alvin Plantinga ya amsa da batun 'yancin zaɓi na ɗan Adam, har yau ana kai ruwa rana a kanta. Wanda ya kalli zaman Craig da Christopher Hitchens, marubucin da bai yarda akwai Allah ba, a jami'ar Biola ta Amurka a 2009 zai ga yadda kowa ya riƙe nasa.

Aikin masu sukar nan kuma, wanda suke kira counter-apologetics, ina ganin warware hujja ta wadatar, don abin da suke yi ke nan, ɗaukar hujja su bi ta gaɓa-gaɓa su nuna inda suke ganin ta kwance.

Saura sunan su kansu. Dan Allah mu daina cewa arne ko kafiri a wannan gurbi, waɗannan hukunci ne daga cikin wani addini, ba su gaya maka abin da mutumin yake tunani ba. Mulhidi tana nan a bakin malamai amma tana da nauyin zargi. A rubutu na ilimi ni "wanda bai yarda da samuwar Allah ba" nake sawa duk da tsawonta, kuma a bambanta shi da mai cewa ba za a iya sani ba, don ba abu ɗaya suke faɗa ba. In wani yana da gajeruwar kalma da ba zagi a cikinta ya kawo mu duba, musamman 'yan'uwa Kiristoci da suka yi karatun tauhidi da Hausa, ina so in ji abin da malamanku suke kiran fannin a aji.